Tiyon da Ke Bayan Ɗakin Gwaggo Shatu

A shekarar da damina ta yi mana rowa, gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba, maƙwabcina Alhaji Mai Nasara ya je Kwatanu ya sayo injin wanke darduma. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a nan Damagaram, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. Ni Rakiya nake, na koyar a lakwal, makarantar boko, har na gaji na ajiye alli, kuma yawan zama da yara ya koya min gane ƙarya tun mai yin ta bai rufe baki ba.

Injin a cikin wata farar mota mai rufaffen baya yake, an ɗaure shi da ƙusoshi a daɓen motar, ba ya fita. Yana da nasa tankin ruwa mai tsabta, da wani tankin da ƙazamin ruwa ke komawa, da doguwar mesa a naɗe. Shi zai dafa ruwan, ya fesa wa darduma, ya sake zuƙe shi tare da datti. Waɗanda suka ƙera shi sun yi shi ne don a tsayar da motar a fili, a buɗe ƙofofinta duka, a ja mesar zuwa cikin gida, injin ya sha iska hayaƙinsa ya bi sarari. Mai Nasara da kansa ya yi mana wannan bayani ranar da ya kawo motar, yana ta shafa ta kamar ya samu ɗa namiji.

Da fari haka ya yi. Ya sami aikin masallatai da otal-otal da biro-biro, wato ofisoshin masu ba da agaji, waɗanda suka cika gari a shekarar. Amma a lokacin famfunan unguwanni sai su yi kwanaki ba su ɗiga ba, mata na kwana a layi da bido, jarkokin ɗiban ruwa, masu garuwa kuwa sai wanda suka ga dama suke kai wa. Wata rana yana aiki a ƙofar wani masallaci, ya buɗe tankin ƙazamin ruwa ya malale titi, sai mata suka taru a kansa da bidonsu. Wata tsohuwa ta tsaya a gaban motar ta yi masa Allah ya isa a gaban jama'a. Daga ranar Mai Nasara ya daina aiki a waje. Ya gina babban kwalbati na tara ruwa a ƙarƙashin tsakar gidansa, motar ruwa na zuwa ta cika masa ta ƙofar baya, dardumomi kuma aka riƙa kawo su gida a naɗe.

Motar ya shigar da ita garaji ya rufe ƙofa. Yakan tayar da injin da rana tsaka, lokacin da zafi ya kori kowa daga titi, wanda ya ji ƙara sai ya ɗauka injin wuta ne, tun da wutar ma ba zama take ba. Saura hayaƙi. Ya kira Alƙasum mai walda ya haɗa wa injin tiyon ƙarfe. In aka fitar da tiyon titi, bango zai yi baƙi mutane su gane. In aka fitar da shi tsakar gida, matarsa Zuliha ta ce ba a kan shanyarta da kicin ɗinta ba. Sai aka huda bangon baya, aka saki bakin tiyon a wani ɗan lungu tsakanin katangata da tasa, lungun da ba ya ɓullewa ko'ina, akuya ma da ƙyar za ta juya a ciki. Taga ɗaya ce ke kallon lungun, ta wani ƙaramin ɗaki da ke manne da garajin. Ina tsaye a kan turmi ina leƙe ta katanga na ji Alƙasum ya tambaya ko akwai mai kwana a ɗakin, Mai Nasara ya ce ba kowa sai buhunan dusa da tsofaffin tayoyi.

Da bazara ta kankama, Gwaggo Shatu ta sauka daga Dakusa. Yayar mahaifin Mai Nasara ce. Rumbunta ya ƙare, ɗanta Tanimu ya tafi neman abinci wajen Agadas shiru babu labari, sai ta ɗauro ƙullin kayanta da tabarma da wata kaza wake-wake, wadda ita kaɗai ta rage mata cikin dabbobinta. Mai Nasara ya tarbe ta da fara'a a ƙofar gida inda kowa zai gani. Aka fitar da tayoyin, aka share dusar, aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin nan.

Tsohuwa ce doguwa mai ƙwari, mai son hira da dariya. Ranar da ta shigo gaishe ni ta ce ba daɗewa za ta yi ba, da ruwa ya sauka za ta koma ta yi shuka, ta ma ɓoye ɗan irinta a cikin tulu ta liƙe bakinsa da laka. Ta yi ta sa wa ɗan ƙanenta albarka, ta ce ko ɗan cikinta iyakar abin da zai yi mata ke nan.

Ba a jima ba aka kafa mata doka. In an tayar da inji, kada ta zauna a tsakar gida, domin a nan ake baza dardumomin mutane, ƙafarta da kazarta za su ɓata su. Kada kuma ta zauna a ƙofar gida, wai mutane za su ce Alhaji ya bar gwaggonsa tana bara. Dalilin da ba a faɗa ba, Zuliha ta faɗa min shi da kanta wata rana da bakinta ya suɓuce: mutanen ƙauye ba su da sirri, za ta zauna a titi ta gaya wa duk mai wucewa yawan ruwan da ake zubarwa a gidan. Don haka da an ji injin ya tashi, Gwaggo sai ta kama kazarta ta shiga ɗaki ta ja ƙyaure.

Ciwon kai ne ya fara. Ta ce min kamar an ɗaura mata igiya a goshi ana ja. Ta ɗora laifin a kan zafin birni da rufin kwano, ta ce ita da ta saba da bukka. Sai jiri ya biyo baya, sai tashin zuciya. Da la'asar in injin ya mutu takan fito tana dafa bango, ta zauna a bakin ƙofa idanunta jajur, a yi mata magana ta daɗe kafin ta amsa. Zuliha ta sayo mata ƙwayoyin ciwon kai wajen mai tebur, ta ce yunwar ƙauye ce ta biyo ta, ciki ya daɗe bai ga maiƙo ba dole ya yi gardama.

Ni kuwa katangata ta gefen lungun ta fara yin baƙi, in iska ta juyo ina jin warin a tsakar gidana har sai na koma ɗaya ɓangaren. Na ce a raina, ni da nake a fili ke nan, ina ga wadda take rufe da abin a bakin tagarta? Na sake hawa turmina na duba da kyau. Bakin tiyon bai fi kamu biyu da tagar ba, tagar kuma ba gilashi, katako ne da ya tsage, ga tazara tsakanin bango da kwano da hannu zai iya shiga.

Na sami Zuliha a kan maganar. Ta saurare ni tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Da na gama ta tambaye ni yaushe na fara leƙen gidansu ta katanga, kuma wa da wa na gaya wa abin da na gani. Na ce ba ruwan kwalbati ya kawo ni ba, ran tsohuwa ya kawo ni. Ta ce ai ba ta ambaci kwalbati ba, ni na ambata. Daga ranar in na yi sallama sai an ɗauki lokaci kafin a buɗe min, in na shiga kuma sai in tarar an ja tabarma an rufe murfin kwalbatin.

Wani abu da na lura da shi, ranar Juma'a ba a tayar da injin. Ranar Gwaggo takan warware, ta yi wanka, ta shigo gidana mu ci goro, har ta ba ni labarin rigimar da suka yi da wani maƙiyayi a kan kara. Asabar da yamma kuma ta koma gidan jiya. Na nuna wa Zuliha wannan, ina tsammanin ko makaho zai gane. Sai ta yi dariya ta ce ita ma ta lura, kuma abin da ya sa take shakkar ciwon ke nan. Wane irin ciwo ne ya san Juma'a? Ciwon da ke kwanciya ranar da ake dafa nama, ya tashi ranar da za a ce ta taya tsintar wake?

Kazar ce ta fara tafiya. Gwaggo ta farka daga barcin rana da ƙyar, ta same ta a ƙarƙashin tagar a miƙe, ba rauni ba komai. Ta fito da ita a hannu tana kuka kamar an yi mata rasuwa, kuma a wurinta rasuwar ce. Mai Nasara ya ce cutar kaji ce ta ƙauye, a yi maza a jefar kada ta shafi na Zuliha. Na Zuliha suna can ɗaya kusurwar gidan, ko ɗaya bai yi tari ba.

Washegari Gwaggo ta yi abin da hankalinta ya ba ta. Da sassafe ta miƙa hannu ta taga da sanda, ta cusa tsumma a bakin tiyon. Da rana aka tayar da injin, ya yi tari, ya yi gurnani, ya mutu. Aka sake tayarwa ya sake mutuwa.

Dama injin ya saba ba shi wahala. Abin da aka yi don ya sha iska aka kulle a garaji cikin zafin bazara, dole ya yi zafi ya tsaya. Amma Mai Nasara bai taɓa yarda laifin garajin ba ne. Ya zargi mai sayar masa da isansi, man injin, da haɗa shi da kananzir. Ya kori ma'aikacinsa ɗaya a kan zargin kwance wani ƙarfe. Ya zargi maƙwabta da baki, har ya sa aka rataya laya a madubin motar. Kuma tun zuwan Gwaggo yake ƙorafin cewa injin ya ƙara lalacewa, ko da yake zuwanta ya zo daidai da tsananin zafi. Ranar da Alƙasum ya zaro tsumman nan daga tiyo, Mai Nasara ya gane ƙyallen tsohon zanen gwaggonsa ne, sai ya zama kamar mutumin da ya daɗe yana neman ɓarawo ya kama shi da hannu cikin tukunya.

Ta katanga na ji komai. Bai ɗaga murya sosai ba, don ba ya son titi ya ji.

"Gwaggo, me na yi miki? Na ɗauko ki daga yunwa, na ba ki ɗaki, na ba ki tuwo. Abin da ke ciyar da ke shi kike son kashewa?"

"Alhaji, hayaƙin ne. Yana shigo min. Wallahi in ya shigo ban san inda nake ba."

"Wa ya aiko ki? Ki gaya min gaskiya. Malamar nan ta bayan katanga ce ta sa ki?"

"Ba wanda ya sa ni, ɗana. Numfashi nake nema."

Ya ce hayaƙin da ba ya kai na murhu shi ne zai hana ta numfashi, ita da ta tsufa a kan itace da kashin shanu? Ta ce na murhu yana sa hawaye mutum ya tashi ya fita, wannan kuwa kwantar da mutum yake. Ya sa Alƙasum ya liƙa wa bakin tiyon ragar ƙarfe yadda ko tsinke ba zai shiga ba. Na ji Alƙasum ya ce, ƙasa-ƙasa, tun da yanzu akwai mutum a ɗakin da an ɗaga tiyon ya wuce saman kwano. Mai Nasara ya ce injin Turai ne, ba a yi masa ƙari barkatai, in tiyo ya yi tsawo ƙarfinsa raguwa yake, kuma wa zai biya in ya ƙone? Alƙasum ya ce haka ne, Alhaji, ya tattara kayansa.

Bayan maganar tsumma, zaman Gwaggo a gidan ya canza. Aka sa wa garajin kwaɗo. Zuliha ta daina barin ta kusa da tukunya, ta ce wanda ya iya cusa tsumma a inji zai iya cusa wani abu a miya. Labari ya zaga dangi cewa tsohuwar ta fara ruɗewa, wasu suka ce baƙin ciki take yi da arzikin ɗan ƙanenta don nata ɗan ya ɓace. Abin takaici, ruɗewar ta zo da gaske. Ta fara manta raka'o'in salla. Ta kira ni da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Wata rana ta fito da tsakar rana ba mayafi tana layi, ta faɗi a kan wata jar darduma ta wani otal ta yi amai. Zuliha ta yi ta salati, ba don tsohuwar ba, don dardumar. Daga nan aka fara saka sakata ta waje in za a tayar da inji, wai don kada ta fito ta ji wa kanta ciwo.

Da na ji wannan na yafa mayafina na je na sami Mai Nasara a zaurensa. Na ce ya ba ni Gwaggo ta zauna a gidana, ina da ɗaki a buɗe tun da ƴaƴana suka watse, ba na neman ko ƙwayar gero daga wurinsa. Ya dube ni ya yi murmushin da bai kai ido ba.

"Malama, so kike a ce Mai Nasara ya kasa riƙe yayar ubansa, maƙwabciya ta ɗauka? Da wane ido zan kalli mutanen Dakusa?"

"To ka sauya mata ɗaki. Ga ɗakin baƙi can a rufe."

"A nan nake ajiye dardumomin da aka wanke. Amanar mutane ce."

"Ita fa, amanar wa ce?"

Ya ce in yi haƙuri, shekaru ne, kowa ya tsufa sai ya ga haka, kuma da aiki ya yi sauƙi zai duba maganar tiyon. Sannan ya ƙara da cewa ya ji an ce wani ɗan'uwana yana aiki a kamfanin ruwa, yana fata zumuncin maƙwabtaka ya fi ƙarfin tsegumi. Ba ni da kowa a kamfanin ruwa. Amma mutumin da ke ɓoye abu, kowa ya gani ɗan rahoto ne.

Ban tsaya nan ba. Na gaya wa limamin unguwa, ya yi masa magana bayan sallar magariba. Mai Nasara ya rantse yana kula da ita, ya ce ma gobe zai kai ta likita, kuma dardumomin masallacinmu bana kyauta zai wanke su. Ya kai ta ɗin. Shi ya yi bayani a madadinta, ya ce daga ƙauye ta zo, yunwa ta taɓa ta, ga tsufa. A shekarar irin waɗannan tsofaffi sun cika ko'ina, ba wanda ya yi mamaki, ba wanda ya tambayi inda take kwana. Aka kwantar da ita aka sa mata ruwa. Na je duba ta na same ta zaune tana cin ƙosai, ta gane ni, har ta tambaye ni ko hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Mai Nasara ya ce ga shi nan, magani ya yi aiki, masu cewa hayaƙi ne sai su ji kunya. Aka sallame ta ya mayar da ita ɗakin.

Wata Juma'a na roƙe ta da kaina. Na ce ta tattaro tabarmarta ta bi ni yanzu, ba wanda zai fitar da ita daga gidana. Ta riƙe hannuna. Ta ce in ta fita daga gidan ɗan ƙanenta ta koma na bare, ta tona masa asiri, kuma ranar da ta haɗu da ƙanenta a lahira me za ta ce masa? Ta ce ita ta yi masa wankan farko, ita ta goya shi lokacin da uwarsa ke ciwon nono. Yaro ne mai kirki, aiki ne ya sha masa kai. Sannan ta rage murya, ta waiwaya, ta tambaye ni ko ina ganin wani abu ake zuba mata a abinci, don ita ta fara tsoron kwanon da ake miƙo mata. Na ce ba abinci ba ne, Gwaggo, tagar ce. Ta ce ta toshe tagar da tsummoki, amma abin ta sama yake sauka.

Ruwa ya sauka a ƙarshe, a makare. Mutanen ƙauye da suka cika gari suka fara komawa gona. Gwaggo ta ji ƙamshin ƙasa ta ce a kai ta tasha. Mai Nasara ya ce a wannan halin ba zai bar ta ta tafi ba, mutane za su ce ya kore ta da ciwo, ta bari ta ƙara jin ƙarfi. Ƙarfin da za ta ji a ina? A lokacin ko buta ba ta iya ɗauka da hannu ɗaya. Ta riƙa maganar tulun irinta, tana cewa gara za ta shiga, tana cewa ƙasa ta jiƙa ba mai shuka mata.

Sai azumi ya matso. Duk masallacin da ke da hali yana son a shiga watan da dardumomi masu tsabta. Aka yi ta sauke su a gidan Mai Nasara har zaure ya cika. Injin da ke aiki da rana tsaka kawai ya koma tashi tun hantsi, ba ya mutuwa sai rana ta yi sanyi. In ya yi zafi ya tsaya, a zuba masa ruwa a jira kaɗan a sake tayarwa. Mai Nasara ya rame don aiki, yana ta faɗa wa mutane cewa hidimar ɗakin Allah yake yi.

Ranar da abin ya faru, an yi zafi mai sa gumi, ba iska ko kaɗan, hadari ya danne gari ya ƙi zubowa. Hayaƙin ya cika lungun ya tsallako katangata har na kwashe shanyata. Na hau turmi na kira sunanta ta tagar, ƙarar inji ta haɗiye muryata. Na zagaya na buga ƙofar gidan, na buga har hannuna ya yi zafi. Zuliha ta leƙo ta ƙaramar kafa ta ce Alhaji ya hana buɗe wa kowa in ana aiki, Gwaggo kuma barci take, ta ci abinci ta kwanta. Na ce a cire sakatar a duba ta. Ta ce to, ta rufe kafar.

Da la'asar sakaliya injin ya mutu. Ban daɗe da jin shirun ba sai na ji salatin Zuliha. An same ta a kan tabarmarta, ta juya gabas, carbinta a hannu, kanta a jikin ƙyauren inda ɗan haske ke shigowa ta ƙasa.

Mai Nasara ya yi kuka a maƙabarta, waɗanda suka je suka ce sai da aka riƙe shi. Aka yi zaman makoki a ƙofar gidansa, a kan dardumomi masu laushi da ƙamshi, masu gaisuwa suna ta shafa su suna tambayar inda ake irin wannan wanki. Mutanen Dakusa suka zo suka yi masa godiya, suka ce ya riƙe ta har ƙarshe, ya kai ta likita, Allah ya ba shi ladan zumunci. Na gaya wa wani dattijo a cikinsu abin da na sani. Ya saurare ni, ya dubi buhunan gero da Mai Nasara ya sa aka ɗora musu a mota, ya ce kwana ne ya ƙare, Malama, a bar wa Allah. Ban ga laifinsa sosai ba, yana da bakuna da ke jiran geron nan a gida.

Zuliha ta ce min ita har ga Allah ta ɗauka tsufa ne. Liman ya ce ba a shiga tsakanin bawa da ajalinsa. Mai Nasara kuwa, duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya gaya masa cewa masu hassada sun so su ɗora wa injinsa laifi, alhali hayaƙin nan ko sauro ba ya kashewa. Ya faɗa har sau nawa a gabana, yana kallona. Na fara tunanin wataƙila ya faɗa wa kansa har ya yarda, wataƙila jahilci ne da son kai suka rufe masa ido, bai taɓa gaskata cewa tiyon na kisa ba. Da haka ne, da na sami ɗan abin da zan riƙe in yi masa uzuri.

Bayan ƙaramar salla, wata safiya na ji ana buga ƙarfe a lungu. Na hau turmina. Alƙasum ne a kan tsani, ya yanke ragar nan, yana haɗa wa tiyon wani dogon ƙarfe da ya miƙe sama ya wuce kwano. Na gaishe shi na tambaye shi ko ba shi ne aka ce in tiyo ya yi tsawo injin zai ƙone ba. Bai kalle ni ba. Ya ce ba abin da zai sami injin, aikin ma ba wani mai yawa ba ne, kafin azahar ya gama.

Ina nan tsaye sai ga Mai Nasara ya leƙo ta tagar ɗakin, an cire tsummokin Gwaggo an share. A bayansa na hango wani farin rago, ƙato, irin na Balami, an ɗaure shi a inda tabarmarta take, an zuba masa harawa. Na layya ne, ya sayo shi da wuri don ya yi kiwonsa a gida. Ya gan ni, ya ga ina kallon tiyon, ya ga ina kallon ragon.

"Alhaji, yau an ɗaga tiyo?"

"Dole, Malama," ya ce, yana shafa wuyan ragon. "Dabba ba ta jure hayaƙi."

Ya faɗa ne kamar yadda mutum zai ce gobe Laraba. Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya ce, hannunsa ya tsaya a wuyan ragon. Alƙasum ya daina buga ƙarfe. Mai Nasara ya ja katakon tagar ya rufe.

Kafin azahar aka gama aikin, kamar yadda Alƙasum ya faɗa. Injin bai ƙone ba, yana nan yana aiki har yau. Ragon ya zauna a ɗakin nan lafiya lau, ya yi ƙiba har ana zuwa kallonsa. Ranar layya Mai Nasara ya sanar cewa ladan yankan na Gwaggo Shatu ne, Zuliha da kanta ta kawo min cinya guda a faranti an rufe da sabon ƙyalle. Na ce ta mayar, ta gaya masa na ƙoshi. Na san ɗakin da aka yi kiwon naman.